Ciwon Aro

Gwiwata ce ta raba ni da aikin sito. Na yi shekaru ina ɗaga kwalaye a wani katafaren gidan ajiye kaya da ke bayan titin Wendover, har ranar da na tsuguna na kasa tashi. Likita ya ce in nemi aikin zama. Ina cikin zaman gida ne wata 'yar cocinmu, nas ce, ta tare ni bayan sujada.

"Anti, ba ke kike shirya mana wasan Kirsimeti ba?" ta ce. "Akwai makarantar koyon aikin likita da ke neman waɗanda za su yi kamar ba su da lafiya, ɗalibai su koya a kansu. A kwance ma ake yin rabin aikin."

Abin da ba ta sani ba shi ne, wasan Kirsimeti ɗan guntun abin da ya rage min ne. A Jos na ƙarar da ƙuruciyata tsakanin dandamali da gidan talabijin. Akwai lokacin da in na shiga kasuwa mata ke kirana da sunan masifaffiyar uwar miji da nake fitowa a matsayinta, masu tumatir suna ƙara min gyara. Daga baya mai gidana ya samu hanyar zuwa Amurka, na biyo shi da yara, magana ta ƙare a nan.

Wurin aikin wata doguwar baranda ce mai ƙananan ɗakuna, kowanne da gadon asibiti da kamara a silin. Za a ba ki labarin mara lafiya ki haddace: shekarunta, inda ke mata ciwo, abin da za ta faɗa da kanta, da abin da ba za ta faɗa ba sai an tambaya. Ɗalibi ya ƙwanƙwasa, ya shigo, ya yi tambayoyinsa, a kaɗa ƙararrawa ya fita, wani ya shigo. Doka ɗaya ce babba. Abin da kika ba na farko shi za ki ba na ƙarshe, don jarrabawa ce gare su.

A ranar horo na fara ganinta. Tsohuwar Baturiya ce siririya, gashinta fari fat, tana zaune a ɗakin hutu cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, amma a miƙe kamar wadda ta sa leshi za ta biki. Ni aka ba ciwon ciki. Na zage na yi abin da na iya. Na riƙe ciki, na murguɗa, na kira sunan Allah, na kusa faɗowa daga gado. Da na fito sai na tarar tana kallon allon da ke nuna ɗakunan.

"Kin taɓa hawa dandamali," ta ce. Ba tambaya ba ce. Turancinta irin wanda muke ji a rediyo muna yara ne, ba irin na garin nan da ake jan kalma kamar ƙosai a mai ba.

"Yaya kika sani?"

"Kina yi wa mutanen layin baya wasa. A nan babu layin baya. Yaro ɗaya ne, kuma yana kusa da ke har yana jin numfashinki. Wanda ciwo ke ci da gaske ɓoye shi yake yi. Ki ɓoye, ki bar shi ya nemo."

Na ji haushi, don ban saba a gyara min wasa ba. Amma na gwada yadda ta ce, sai na ga ɗalibar da ta shigo ta daina kallon takardarta ta fara kallona.

Ta ce in riƙa kiranta da sunanta. Bakina ya ƙi, domin ta girmi mahaifiyata. Na ce zan kira ta Mama. Ta ɗaga kafaɗa ta ce an kira ta da abin da ya fi wannan muni a jaridu.

Ta daina tuƙi saboda idanu. Ɗanta ke sauke ta da safe, da yamma kuma ta zauna jiransa wani lokacin har a kashe fitilun barandar. Na fara kai ta gida. A Summerfield take, wajen gari, inda gidaje ke nesa da juna, maƙwabta na kiwon dawaki a bayan fararen shingaye. Ɗaki ɗaya ne nata a saman garejin ɗanta, da matakala ta waje. Ba hanyata ba ce ko kaɗan, ni da ke gabashin gari, amma mai gidana direban tirela ne, sai ya yi mako bai kwana gida ba, yara kuma sun girma. Ba wanda ke jirana.

A cikin mota na ji tarihinta, gutsure-gutsure, ba a jere ba. An haife ta a wani garin masaƙu a arewacin Ingila. Mahaifinta mai gyaran takalma ne, bai taɓa shiga gidan wasa ba har ya mutu. Ta samu tallafin karatu ta tafi makarantar wasan kwaikwayo a London, inda abu na farko da suka yi shi ne kankare mata harshen garinsu. Daga nan ta shiga ƙungiyoyin da ke yawo gari gari. Da rana a koyi wasan mako mai zuwa, da yamma a yi na wannan makon, a kwana a ɗakin haya mai sanyi da kot a jiki. Ta yi baiwa, ta yi gimbiya, ta yi tsohuwa tun ba ta kai talatin ba.

Sau ɗaya ta taka babban dandamali a London a matsayin jaruma. Ita ce mai jiran gado, wato wadda ke haddace rawar da wata ke takawa a wasan ta zauna a bayan labule ko da wani abu zai faru. Jarumar ta zame a matakala ta karya idon sawu, aka tura ta. Ta yi 'yan makonni, wani ɗan jarida ya rubuta cewa a sa mata ido. Jarumar ta warke ta dawo.

"Kuma sun sa miki idon?" na tambaya.

"Sun sa. Sun ga na dace da fitowa a 'yar aiki mai ɗaukar faranti."

Talabijin ta ɗauke ta. Ta yi nas a wani dogon shiri na asibiti, ta yi maƙwabciya mai leƙe ta taga, ta yi matar da ake tsintar gawarta kafin a fara labari. Ta fito a finafinai kaɗan. Sannan ta haɗu da wani Ba'amurke mai cinikin kujeru da gadaje, ya ce ta biyo shi na shekara biyu kawai. Ta haifi ɗa. Da ta koma London neman aiki, mai nema mata aikin ya rasu, masu ɗauka duk sababbin fuska ne, suka ce ta bar hoto. Ta dawo. Mijin ma daga baya ya rasu.

Ba ta ba da labarin nan da kuka. Kamar labarin wata take bayarwa, wata sakarya da ta sani da.

Wata rana a ɗakinta na ce bari mu nemo ta a intanet. Muka zauna bakin gado da wayata. Sunanta na nan a jerin sunaye, can ƙasa. Hoto mai motsi kuwa guda ɗaya muka samu, baƙi da fari. Wata yarinya mai dogon wuya ta buɗe ƙofa, ta ajiye shayi, ta ce ana kiran likita a waya, ta fita. Muka maimaita shi har ta ce ya isa.

"Sauran fa?" na ce.

"Sun goge. Kaset yana da tsada a lokacin, sai su ɗauki wani shiri a kai."

Na ajiye wayar. Na gaya mata cewa lokacin da na je gida bikin ƙanwata na shiga gidan talabijin ɗinmu na nemi ko da fitowa ɗaya ta shirinmu in kawo wa yarana. Mai kula da ɗakin ajiya ya yi min kirki, ya ba ni kujera, ya ce sun ɗauki labarai da gaisuwar Sallah da ta Kirsimeti a kan kaset ɗin tuntuni. Ta dube ni, sai ta fashe da dariya, ni ma na kama. Muka yi ta yi har tari ya sarƙe ta na ɗebo mata ruwa.

"To yi min yanzu," ta ce. "Da yarenku."

Na tashi tsakanin gado da taga na yi mata masifar uwar mijin nan, inda take zazzage wa ɗanta buhun zagi saboda ya sayo wa matarsa keken ɗinki. Na ɗauka na manta. Ashe yana nan har da riƙe ƙugu. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ta yi dariya daidai inda 'yan Jos ke yi. Da na gama ta ce na yi numfashi a wurin da bai dace ba kusa da ƙarshe, na kashe wa kaina dariya ɗaya. Gaskiya ta faɗa. Daraktanmu ma ya sha gaya min.

A makarantar akwai rawa ɗaya da ba a ba kowa sai ita. Wata gwauruwa ce ta zo karɓar sakamakon gwaji, ɗalibi kuma shi zai gaya mata cewa ciwon daji ne, ya bazu, ba abin da aiki zai yi. Duk lokacin da nake da sarari nakan zauna gaban allo in kalla. Ba ta kuka. Takan shigo da kot ɗinta da jaka a cinya, tana ba da haƙurin ɓata wa likita lokaci. In an faɗa mata, sai ta buɗe jakar ta yi ta neman tabarau alhali yana rataye a wuyanta. Ta tambaya ko za ta iya shuka furanninta na bazara. A ƙarshe ta yi godiya, ta tashi, ta ɓalla maɓallan kot ɗin a karkace ba ta lura ba. Na ga ƙartin samari sun fito sun jingina da bango. Ƙararrawa na kaɗawa ta gyara maɓallan, ta zauna, ta jira na gaba, ta sake yi daidai kamar na farko.

Na taɓa ce mata, "Mama, wannan ya fi ƙarfin ɗakin nan."

"Mutum ɗaya a lokaci guda," ta ce. "Na yi wasa a gidajen da ba su kai haka cika ba."

Abin ya fara da ƙanana. A labarin, gwauruwar 'ya'ya mata biyu gare ta. Wata rana ta gaya wa ɗalibi ɗa ɗaya ne namiji. Wata rana ta faɗi sunan mijinta na gaskiya. Shugabar shirin, wata matashiya mai sanyin hali, ta yi mata magana a hankali, ta ce ba komai, kowa na kuskure. A mota na fara jin labari ɗaya sau biyu kafin mu wuce fitilun Wendover. Nakan saurara kamar ban taɓa ji ba. A wurinmu ba a gaya wa babba ya maimaita kansa.

Ranar da abin ya fito fili ina gaban allo tare da shugabar. Ɗalibi na farko ya gama, ya fita. Aka kaɗa ƙararrawa. Ba ta gyara maɓallan ba. Wata ɗaliba ta shigo da murmushinta, ta gabatar da kanta, ta ce ta zo da sakamako.

"An riga an gaya min," Mama ta ce. "Yaron da ya fita yanzu ya gaya min. Sau nawa za ku faɗa?"

Yarinyar ta duba takardarta, ta dubi kamara. Shugabar ta taɓa hannuna ta ce in shiga. Na sallami ɗalibar na rufe ƙofa. Mama ta kama yatsuna, hannunta sanyi ƙalau.

"Sun ce ya bazu," ta ce. "Wa zai gaya wa ɗana?"

"Mama, aiki muke yi. Labarin takarda ne. Lafiyarki ƙalau."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗaga kai ta ga kamarar, ta saki hannuna.

"Na sani," ta ce. "Na sani mana."

Kafin mu tafi shugabar ta ja ni gefe. Ta ce ba korar kowa za a yi ba, amma ko zan koyi rawar gwauruwar, ko da za a buƙata. Na ce zan yi tunani. Muka shiga mota. Sai da muka bar gari, shingayen dawaki suka fara wucewa, ta ce, "Sun ce ki koya, ko?"

"Ban amsa ba."

"Ki amsa. In ba ke ba, za su ba mutumin nan mai wasan ciwon baya ya sa hular gashi. Haka sana'ar take. Ni ma ƙafar wata ce ta karye. Ki zo ranar Asabar, ba zan bari ki lalata min ita ba."

Asabar da yawa na hau matakalar nan da gwiwata mai ciwo. Ba ta iya riƙe shekarun gwauruwar ko sunan maganinta, ni ke tuna mata. Amma duk wani motsi yana nan a jikinta. Ta nuna min yadda ake riƙe jaka kamar za a ƙwace, da tsawon shirun da za a yi kafin maganar furanni. In na matse fuska sai ta buga tafin hannu a gado ta ce in bari, ba ni ce zan yi kuka ba, yaron ne. Ta ba ni kot ɗin. Ya matse ni a hammata, na kai wa wata tela 'yar Gana ta buɗe shi.

Ba a sake kiranta ba. Ba wanda ya ce mata an daina, sunanta ne kawai ya daina fitowa. Na karɓi rawar, na yi ta shekara da wani abu. Wasu ɗalibai idonsu kan kawo ruwa, shugabar ta ce ina yi da kyau. Ni dai na ga wadda ta fi, na san tazarar. Mama ba ta taɓa gani ba. Da farko takan tambaya yadda ta kaya, daga baya ta daina sanin wace rawa nake nufi.

Bayan ta faɗi a matakala ɗanta ya kai ta gidan kula da tsofaffi. Ba mugun mutum ba ne, shi da matarsa duk aiki suke yi, kuma a gajiye yake duk lokacin da na gan shi. Nakan je bayan coci. Ta rame, an yanke mata gashi gajere, muryar nan ta koma ciki. Wani lokaci ta san ni, wani lokaci ta yi min irin gaisuwar da ake yi wa baƙo mai mutunci. Mai kula da ita wata Hajiya ce 'yar Nijar, muka gane juna da Hausa tun ranar farko. Wata Lahadi tana canza zanen gado na ce mata, "Hajiya, kin san matar nan babbar 'yar wasa ce a ƙasarsu? Ta yi dandamali a London, ta yi talabijin, ta yi fim."

"Allah sarki," Hajiya ta ce. "Duniya kenan. Anti, ɗan ɗaga min ƙafarta."

Na ɗaga. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A makaranta kuma kwanakin aiki suka fara raguwa. Aka ce ɗalibai za su riƙa fara koyo da majinyatan kwamfuta, su yi ta maimaitawa a ɗakunansu duk lokacin da suka so. Wata rana aka kira ni wani ɗaki mai koren bango da fitilu, don a ɗauki gwauruwar a sa a kwamfutar. Na sa kot ɗin. Wani saurayi ya riƙa karanto tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ni ina amsa wa kamara, kowace amsa daban, ba ɗalibi, ba fuskar da zan kalla. Ya ce shirun da nake yi kafin furannin ya yi tsawo, in rage. Na rage. Suka yi godiya sosai. Daga nan kira ya koma sau ɗaya a wata, sannan ya tsaya.

Yanzu ina karɓar kuɗi a wani babban kanti a kan Wendover. Saboda takardar likita sun yarda in zauna a kan kujera mai tsayi. Ina hutun cin abinci ne wata Talata ɗanta ya kira ni. Ya ce ta rasu a ƙarshen mako, cikin barci, ya ga lambata a wayarta ya ga ya kamata in sani. Na yi masa ta'aziyya. Na tambayi ranar jana'iza, don in nemi hutu in kuma gaya wa matan zumuntar cocinmu su zo mu yi mata waƙa ko biyu.

Ya ce ai babu taro. An riga an ƙona gawar, haka ta so. Tokar tana wurinsa, in ya samu sarari wata shekara zai kai ta Ingila, ko da yake bai san takamaiman inda zai kai ba, don ba sauran kowa nata a can. Ya ce na yi musu kirki. Na ce Allah ya ba da haƙuri.

Na rufe robar shinkafata ban ƙarasa ba, na wanke hannu, na koma kan kujerata. Layi ya riga ya yi tsawo.